Kwamfutar Falo: Yadda Za Ka Sarrafa Ta Da Laftof Daga Inda Kake Zaune

(Kiɗan buɗe shiri)

 

Yau falo za mu shiga. A gidaje da dama yanzu, idan ka leƙa gindin talabijin za ka tarar da kwamfuta, an jona su da kebul ɗin HDMI. Sau da yawa tsohuwar kwamfutar tebur ce da ofis ya gaji da ita, wani lokaci kuma laftof ce da allonta ya fashe amma cikinta lafiya lau. An loda mata fina-finan da aka turo daga shago, da karatun malamai, da bidiyon biki da na suna, da katun na yara. A wasu gidajen kallo na unguwa ma haka ake yi, sai dai su majigi suke jona mata maimakon talabijin.

Komai ya yi, sai abu ɗaya: ba ta da rimot. Kibod ɗinta da maus ɗinta suna can maƙale da ita, igiyarsu ba ta kai kujera ba. To kun san yadda ake yi. An baje a kafet, an kashe fitila, fim ya yi daɗi, sai a kira sallah ko a yi sallama a ƙofa. "Auta, tashi ka tsayar mana." Auta ya je ya durƙusa gaban talabijin, kansa ya tare rabin allo, yana laluben maus a duhu, ya danna ba daidai ba fim ya koma farko, falo ya kaure da tsaki. Alhali ga laftof nan a cinyar yayansa, wadda da an saita ta, daga nan inda yake zai yi komai.

Wannan saitin shi ne zancenmu na yau. Amma kafin a sauke kowace manhaja, akwai tambayar da nake so mai sauraro ya yi wa kansa, domin rashin yin ta ne ke jefa yawancin mutane a wahala. Me kake so ya tashi daga laftof ya je wa kwamfutar falo, kuma me kake so ya dawo maka? Wanda zai yi kallo a talabijin ba ya buƙatar fim ɗin ya biyo shi kan laftof. Umarni kawai yake so ya isa can: tsaya, ci gaba, ƙara sauti, buɗe wancan. Umarni 'yan haruffa ne, ba ya da nauyi. Hoto kuwa kaya ne. Talabijin ɗin da ake ce wa 1080 yana da ɗigo 1,920 a kwance, 1,080 a tsaye, wato ɗigo miliyan 2 da 'yan kai, kuma fim yana sauya hoto sau 24 a kowane sakan. Idan aka lissafa shi ɗanye, ba a matse shi ba, kusan megabait 149 ke nan a sakan guda. Duk manhajar da ta ce za ta kawo maka wannan kan laftof, dole ta matse shi, ta zubar da wani ɓangare, ta riƙa jinkiri. Daga nan ne ƙorafin "yana cijewa, yana cijewa" ke fitowa. Saboda haka a yau za ku ji ina fifita hanyoyin da ke aika umarni su bar hoto a inda yake.

Kowace hanya za ka bi, sharaɗin farko ɗaya ne: na'urorin biyu su hau rauta ɗaya. Kuma ku saurara da kyau, ba sai da data ba. Mutane da yawa suna ɗauka Wi-Fi da intanet abu ɗaya ne. Rautar da sub ɗinta ya ƙare, ko MiFi da babu ko kwabo a layinta, har yanzu tana iya haɗa na'urorin cikin gida su yi magana da juna. Saƙon daga laftof zai je rauta, daga rauta ya wuce kwamfutar falo, bai fita waje ba, kamfanin waya bai san an yi ba. Idan da hali, ita kwamfutar falo a ja mata kebul ɗin netwok daga rauta, tunda ba motsi take yi ba. Irin wannan kebul yana kai mita 100 bai gaza ba, kuma zai yi mana amfani a gaba idan mun zo maganar tayar da ita daga barci.

Ka ɗauki kowace na'ura da ke kan rauta a matsayin gida. Tana da lambar gida, wato adireshin IP, kuma tana da ƙofofi masu lamba, kowace manhaja da ƙofar da take jira a bakinta. Adireshin cikin gida yawanci da 192.168 yake farawa, misali 192.168.1.20. Idan kana so ka san na kwamfutar falo, kuma Windows ce a kanta, buɗe baƙar tagar nan ta cmd ka rubuta ipconfig, ka duba layin da aka rubuta IPv4. Ka rubuta lambar a takarda.

Sai dai lambar nan aro ce. Rauta ce ke rabawa, kuma duk wanda ya riga zuwa shi take fara ba. Yau kwamfutar falo tana 20, gobe an ɗauke wuta an dawo, wayar baƙo ta riga ta hawa, sai ta koma 23. Kai kuma kana can kana buga tsohuwar lamba, kana cewa abu ya lalace. Maganin shi ne ka shiga shafin rauta, ka nemi sashen DHCP, ka keɓe wa kwamfutar falo lamba ɗaya ta dindindin. Aikin minti biyar ne, amma rabin matsalolin da za su biyo baya ya kashe su tun ba su taso ba.

To mu zo ga hanyar da ni na fi so, kuma ita nake ba yawancin gidaje shawara.

Akwai manhaja kyauta da ake kira Kodi. Asalinta daga na'urar wasa ta Xbox take. A shekarar 2002 wasu masu sha'awa suka rubuta mata manhajar kunna bidiyo, ta bunƙasa ta zama XBMC, ta bar Xbox ta koma kan kwamfutoci, a 2014 aka sa mata sunan da take amsawa yanzu. Microsoft ma ya taɓa yin tasa, Windows Media Center, tun 2002, amma da Windows 10 ta fito a 2015 sai ya ajiye ta. Ita Kodi an gina ta ne don mutumin da ke zaune nesa da allo kamar ƙafa goma. Rubutunta manya ne, kuma da maɓallan sama, ƙasa, hagu, dama da na amincewa za ka iya zagaye ta duka. Abin da ya fi mana muhimmanci yau shi ne tana ɗauke da shafinta na karɓar umarni, sai dai a kashe yake zuwa.

Ga yadda ake kunna shi. A kan kwamfutar falo ka buɗe Kodi, ka danna alamar saiti, ka shiga inda aka rubuta Services, daga nan Control. Za ka ga layin da ke ba da izinin sarrafawa ta HTTP. Kafin ka kunna shi, sa kalmar sirri. Sunan mai shiga kodi ne, lambar ƙofa kuma 8080, ka bar su yadda suke. Shi ke nan aikinka a gaban talabijin ya ƙare, koma kujera. A laftof ka buɗe burauza, Chrome ce ko Firefox ko Edge duk ɗaya, a wurin rubuta adireshi ka sa lambar nan da ka rubuta a takarda, ka bi ta da ɗigo biyu na sama da ƙasa, sannan 8080. Wato 192.168.1.20:8080. Za ta tambaye ka suna da kalmar sirri. Kana shigarwa sai ga shafi ya buɗe, da jerin fina-finanka da waƙoƙinka, a ƙasa ga maɓallan tsayarwa da ci gaba da na sauti. Danna fim a laftof, ka ɗaga kai, ya fara a talabijin.

Wannan shafin Chorus ne sunansa, tun fitowar Kodi ta 17 a shekarar 2017 yake zuwa a ciki. Ba ka sauke komai a laftof ba. Kuma abin da na fi jin daɗinsa shi ne, kana iya neman abin da za a kalla na gaba ba tare da ka katse wa jama'a wanda suke kallo ba. Ana tsakiyar fim a talabijin, kai kana laftof kana jera waɗanda za su biyo baya. Ko bayan la'asar a jera karatu uku ko huɗu su yi ta bin juna, uwargida na kicin tana ji. Kowace laftof a gidan da ta san kalmar sirrin za ta iya shiga, haka ma waya, don akwai manhajar Kore da Yatse a Android masu yin wannan aikin. Illar hakan kuma ita ce rikicin rimot bai mutu ba, ƙaura kawai ya yi. Maigida ya san wa zai ba kalmar sirrin.

Wanda ya saba da VLC bai son canji, ita ma tana da irin wannan shafi. A cikin saitinta, idan ka buɗe cikakken jerin, ƙarƙashin Interface za ka kunna Web, sannan a sashen Lua ka sa kalmar sirri, ka rufe ta ka sake buɗewa. Wajen shiga, gurbin suna a bar shi fanko, kalmar sirri kaɗai ake sawa. Shafin nata bai kai na Kodi kyau ba, amma yana tsayarwa, yana gaba da baya, yana buɗe fayil. Ku lura, ita ma 8080 take jira. Idan ka kunna su biyun a kwamfuta ɗaya, wadda ta riga tashi ita ke kama ƙofar, ɗayar ta yi shiru. Sai ka sauya wa ɗaya lamba, ka ce 8081.

Wani zai ce, Malam, ni ba fayil nake kallo ba, YouTube nake buɗewa a burauza, ko shafin ƙwallo. To a nan Kodi ba ta isa ba, maus da kibod kake buƙata. Akwai manhajojin da ke ara wa kwamfutar falo maus da kibod ɗin laftof ɗinka. Ta farko da ta yi suna ita ce Synergy, wadda ta fito a 2001, yanzu ta kuɗi ce, amma tana da 'yan'uwa na kyauta irin su Barrier da Input Leap da Deskflow. Idan duka biyun Windows ne, akwai Mouse without Borders ta Microsoft, wadda yanzu take cikin tarin PowerToys, tana haɗa kwamfuta har huɗu. Yadda suke aiki yana da ban sha'awa ranar farko. Ka ja kibiyar maus zuwa ƙarshen allon laftof ta dama, maimakon ta tsaya sai ta ɓace, ka ɗaga kai ka gan ta a talabijin. Duk abin da ka rubuta daga nan can yake fita. Ka jawo ta hagu, ta dawo gida. Har kwafe adireshi za ka iya yi a laftof ka manna shi a can. Nan ma motsin maus da haruffa ne kawai ke tafiya, don haka babu jinkiri. Abin da zai dame ka shi ne ƙanƙantar rubutun Windows daga nesa. Ka shiga saitin allo ka ɗaga girman zuwa kashi 150 ko 200, idonka zai gode maka.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan sarrafa kwamfutar falo daga laftof.

Yanzu mun zo hanyar da kowa ke fara tunani, wato ka ga allon waccan kwamfutar gaba ɗaya a kan taka. Ba na hana ta, tana da ranarta. Ranar da za a yi gyara, a shirya folda, a sabunta manhaja, a goge tarkace, musamman lokacin da talabijin ke kashe ko yara na kallon wata tasha, ita ce daidai. Amma iri biyu ce, kuma wanda bai bambance su ba zai sha mamaki.

Ta farko VNC. An ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1990 a wani ɗakin bincike na kamfanonin Olivetti da Oracle a birnin Kambirij na Ingila. Da aka rufe ɗakin a 2002, waɗanda suka yi ta suka kafa RealVNC. Wasu kuma sun ɗauki tushenta sun fitar da TightVNC da UltraVNC da TigerVNC. Ƙofarta 5900. Halinta shi ne, abin da ke kan talabijin shi kake gani a laftof, ba ragi ba ƙari. Ka motsa maus, mutanen falo suna ganin kibiyar na yawo. Sauti kuma yana nan a talabijin, bai biyo ka ba. Don haka za ka iya buɗe fim da ita, ka cika allo, sannan ka rufe tagar VNC ɗin. Ka rufe ta fa, kada ka bar ta a buɗe, domin muddin tana buɗe kwamfutar falo na ta faman ɗaukar hoton allonta tana matsewa tana aiko maka, kuma idan tsohuwa ce sai ka ga fim ɗin ya fara cijewa a talabijin ɗin kansa. Wani lokaci ma a laftof baƙin fili kawai za ka gani a gurbin bidiyon alhali a talabijin yana tafiya daidai. Ba lalacewa ba ce, katin hoto ne ke zana bidiyon ta hanyar da VNC ba ta gani.

Ta biyu ita ce Remote Desktop ta Windows, mai ƙofa 3389. Ita ce mutane suka fi sani saboda a ofis ake amfani da ita, kuma a nan gizo ke saƙar. Da farko, Windows ɗin da ake ce wa Home ba ta karɓar irin wannan haɗin, sai Pro zuwa sama. To a ce taka Pro ce. Ka kunna, ka koma kujera, ka haɗa. Allon kwamfutar falo ya bayyana a laftof tas, har ya fi na VNC kyau da sauri. Ka ɗaga kai don ka yi wa jama'a alfahari, sai ka ga talabijin ya koma allon kulle, ga agogo ga hoton tsauni. Ka kunna fim, sauti ya fito daga ƙananan sifikun laftof, falo kuma tsit. Dalili shi ne an gina Remote Desktop ne don ma'aikacin da ya bar kwamfutarsa a ofis yana so ya yi aiki daga gida ba tare da na kusa da teburinsa sun ga abin da yake yi ba. Ɗauke zaman take yi gaba ɗaya ta kawo maka, ta kulle can. Ko ka cire haɗin, talabijin yana nan a kulle sai an je an sa kalmar sirri. Akwai umarnin tscon da masana ke amfani da shi su mayar da zaman kan allon asali, akwai kuma saitin da ke barin sauti a can, amma a ganina wahala ce da ba ta da dalili. Don kallo a falo, ku bar Remote Desktop.

Sai su TeamViewer da AnyDesk, duka biyun na kamfanonin Jamus, da Chrome Remote Desktop ta Google. Suna da sauƙin saiti, shi ya sa masu gyara ke son su. Amma a yadda suke zuwa, sai sun fita intanet kafin su haɗa kwamfutoci biyun, ko da tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce taku huɗu ba. Ranar da sabis ya yi rauni ko data ta ƙare, ka rasa rimot. Wasu cikinsu suna da saitin da zai tsayar da su cikin gida, sai dai sai ka tono shi.

Tunda mun ambace su, bari in tsaya a nan kaɗan, domin wannan ya fi fim muhimmanci. Waɗannan manhajojin halal ne, amma 'yan damfara sun daɗe da gano amfaninsu, kuma kamfanonin da kansu suna gargaɗi a kai. Za a kira ka a ce daga banki ne, ko daga kamfanin waya, ko an ga matsala a asusunka, a ce ka sauke wata 'yar manhaja ka karanto lambar da ta nuna maka. Lambar nan da ka karanto, ka miƙa musu allonka da maus ɗinka ke nan. Suna ganin saƙon banki yana shigowa, suna ganin abin da kake rubutawa. Duk wanda ya kira ka, ba kai ka neme shi ba, ya ce ka sa irin wannan manhaja, kashe wayar. Idan kuma mai gyara ne ka sani ya sa maka don ya taimake ka, yana gamawa ka cire ta, ko aƙalla ka kashe izinin shiga ba tare da tambaya ba.

Haka kuma akwai masu ba da shawarar ka shiga rauta ka buɗe 3389 ko 5900 ko 8080 zuwa waje, wai don ka riƙa shiga kwamfutar gida daga kasuwa. Kada ka yi. Akwai na'urorin da ba su da aiki dare da rana sai zagaye intanet suna ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofin. Har shafin bincike akwai, Shodan, tun 2009, wanda ke jera na'urorin da aka bari a buɗe. A watan Mayun 2019 an gano wata ɓaraka a Remote Desktop da aka sa wa suna BlueKeep, wadda ke ba maharin damar shiga tsofaffin Windows ba tare da kalmar sirri ba. Tsananin haɗarinta ya sa Microsoft ya fitar da gyara har ga Windows XP, wadda ya daina kula da ita tun 2014. Ita kuma VNC ta asali, haruffa 8 na farko kawai take dubawa a kalmar sirri, kuma wasu nau'o'inta ba sa ɓoye abin da ke wucewa. A cikin gida, tsakaninka da iyalinka, da sauƙi. A buɗe ga duniya, a'a. Mu da muke amfani da MiFi da layukan waya, sau da yawa ko ka buɗe ma ba za ta yi aiki ba, saboda kamfanin yana haɗa mutane da yawa a kan adireshin waje ɗaya. Wanda ya matsu lallai sai ya shiga daga nesa, ya nemi wanda ya iya ya haɗa masa VPN, irin WireGuard ko Tailscale.

Idan ka yi duk abin da muka faɗa amma laftof ta ƙi ganin kwamfutar falo, kafin ka zargi manhaja duba abu biyu. Windows tana raba netwok gida biyu, Public da Private, kuma idan ta ɗauki Wi-Fi ɗin gidanka a matsayin Public, katangar tsaronta za ta toshe masu shigowa. Mayar da shi Private. Na biyu, wasu rautoci suna da layin baƙi wanda da gangan yake hana na'urori ganin juna. Ka tabbata ba shi ɗayansu ya hau ba.

Saura kunnawa. Duk waɗannan hanyoyin suna aiki ne idan kwamfutar na kunne. Akwai dabarar tayar da ita daga nesa, Wake-on-LAN, tun tsakiyar shekarun 1990. Katin netwok ɗin kwamfuta ba ya barci gaba ɗaya, yana kasa kunne yana jiran wani ɗan saƙo na musamman mai bait 102, wanda ke ɗauke da lambar katin, wato adireshin MAC, an maimaita ta sau 16. Yana jin lambarsa sai ya tashi kwamfutar. Sai an kunna wannan a BIOS da kuma saitin katin a Windows, sannan a sa wata ƙaramar manhaja a laftof mai aika saƙon. Da kebul ya fi tabbas, ta Wi-Fi sau da yawa ba ya yi. Kuma ya fi amsawa idan kwamfutar barci aka sa ta, ba kashewa ba, domin tsarin saurin tashi da Windows ta zo da shi tun Windows 8 yana hana shi a kwamfutoci da yawa.

Sai dai waɗanda suka tsara wannan dabara ba su yi lissafin NEPA ba. Kwamfutar tebur da ke barci tana buƙatar 'yar wuta ta riƙe abin da ke ƙwaƙwalwarta. Aka ɗauke, barcin ya zama mutuwa, kuma wasu kwamfutocin ko an dawo da wuta ba sa jin saƙon tashi sai an kunna su da hannu sau ɗaya. A BIOS akwai zaɓin da ke cewa ta kunna kanta da zarar wuta ta dawo. Yana da amfani ga mai inbata ko UPS. Wanda ke kan wutar layi kai tsaye, ban ba shi shawara ba, domin lokacin dawowar wuta ne ta fi zuwa da hauka, ta zo ta koma ta sake zuwa, kuma ba lokacin da kake so rumbun ajiyarka ya fara juyawa ba ne. Idan kuma kana so tana tashi ta faɗa Kodi kai tsaye, sai ka sa Windows ta riƙa shiga da kanta ba tambayar kalmar sirri, ka jefa Kodi a foldar farawa. Amma kwamfutar da aka yi wa haka kada a ajiye takardun aiki ko bayanan banki a cikinta, ta zama ta kallo zalla.

Wannan ya kawo mu ga Windows ɗin kanta. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma yawancin tsofaffin kwamfutocin da muke mayarwa na falo ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Idan kallo kawai ake yi da ita, akwai LibreELEC, wani ɗan ƙaramin tsarin Linux da ya fito a 2016, wanda ba ya ɗauke da komai sai abin da Kodi ke buƙata. Kana kunnawa Kodi ce ke fitowa, ba allon kulle, ba saƙon sabuntawa a tsakiyar fim. Yana hawa tsohuwar kwamfuta, yana hawa 'yar na'urar nan Raspberry Pi mai girman tafin hannu. Masu sola su lura, Raspberry Pi 4 cajarta bolt 5 ce, am 3, wato ko ta ƙure ba ta wuce wat 15 ba. Tana kuma jin HDMI-CEC, tsarin da Samsung ke kira Anynet+, LG ke kira SimpLink, Sony ke kira Bravia Sync, wanda ke sa rimot ɗin talabijin ɗinka ya sarrafa Kodi ta cikin kebul ɗin HDMI. Yawancin kwamfutocin tebur ba su da wannan. Shafin 8080 da muka yi bayani yana aiki a LibreELEC kamar yadda yake a Windows, kuma foldojin na'urar suna iya bayyana a laftof ka tura mata sabon fim ba tare da ka zare filashi ba. Masu ilimin Linux za su iya shiga ta SSH a ƙofa ta 22 su yi gyara, amma duk wanda ya kunna SSH ɗin ya canza kalmar sirrin da ta zo da ita nan take, domin a rubuce take a intanet, kowa ya san ta.

Lokaci ya yi mana halinsa. Sai Allah ya kai mu shiri na gaba. Wassalamu alaikum warahmatullah.

(Kiɗan rufe shiri)